Littafi nawa a shekara, kuma wa zai faɗi gaskiya a kansa?

Ramatu Yantala:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya biyu ce da ni. Duk Janairu sai ka ga an ɗora buri, wannan ya ce littafi 50 zai karanta bana, wancan ya ce 100, kafin zafin Afrilu ya kankama an yi tsit. Wane tsari ne ke ɗorewa ga ma'aikaci ko ɗalibi a nan Yamai? Ta biyu kuma, sharhin da ake sakawa kusan duk yabo ne, "alƙalami ya yi kyau, Allah ya ƙara basira", ba ya gaya wa mutum ko ya fitar da kuɗinsa ko ya riƙe abinsa. Mu goma ne muke son kafa ƙungiyar karatu, shi ya sa nake neman shawarar manya.

Mushe Lawali:
Wa alaikumus salam Malama Ramatu. Ƙidayar littafi ce ke kashe burin tun daga tushe, don akwai mai shafi 60, akwai mai 600. Ku auna da shafi da minti. Kowa ya ɗauki littafin da ke hannunsa, ya duba agogo, ya karanta shafi biyar yadda ya saba, ya raba mintocin gida biyar. Wanda idonsa ya saba da harshen yakan ci kalma 200 ko sama da haka a minti guda, shafin ƙaramin littafi kuma yana ɗaukar kalma 250 zuwa 300, ke nan shafi ɗaya minti ɗaya da rabi. Minti 20 a rana ya ba da shafi 13. Littafi mai shafi 200 zai ƙare cikin kwana 15 ko 16. A shekara wajen 24 ke nan, in an cire kwanakin biki da zazzaɓi da tafiya a ce 20. Mai cewa zai karanta 100 irin wannan yana bukatar awa ɗaya da minti 20 kullum ba fashi. Kun ga dalilin da ake yin tsit.

Sai lokacin. A ɗaure shi da abin da ba ya motsi, kamar bayan sallar asuba. Karatun dare shi ne ke fara mutuwa daga Maris zuwa Mayu: an ɗauke wuta, an fito tsakar gida da katifa, fitila tana tara ƙwari, jiki kuma ya gaji da zafin yini.

Nana Hadiza:
Mushe, asuba ta maza ce. Mace a wannan lokacin tana kan wuta, tana shirya yara zuwa lakwal. Nata lokacin bayan azahar ne in gida ya lafa, ko wurin jira: asibiti, wurin kitso, layin banki. Shi ya sa littafi biyu ya kamata a riƙe. Mai nauyi, irin na tarihi, ya zauna gida. Mai sauƙi, wanda zai shiga jaka, ya bi mutum. In aka haɗa masu nauyi biyu duka za su tsaya a shafi na 40.

Mushe Lawali:
Gaskiyarki Hajiya. Kowa ya nemi nasa lokacin, sharaɗin dai kada ya riƙa canzawa. Da azumi kuma a rage shafukan zuwa rabi tun kafin a ga wata, ya fi a ajiye gaba ɗaya, don wanda ya ajiye wata guda da wuya ya dawo.

Abdu Ɗan Tawa:
Ina gaishe ku daga Tawa. Lissahin Mushe daidai ne ga wanda ya saba, amma akwai abin da ba a hwaɗi ba. Mafi yawanmu da Faransanci anka koya muna karatu. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara tun 1973 a Damagaram, amma kaɗan ne sunka bi ta cikinsu. Sai ka ga mutum shina gudu cikin littahin Faransanci, an ba shi na Hausa shina tuntuɓe kamar ɗan aji biyu, ya ji kunya ya aje. Idonsa ne ke neman "ch" inda anka sa "sh", shina neman "ou" inda anka sa "u", ga "c" da bai san yadda za ya hurta ba. Maganin abu guda ne: karatu da murya, minti goma kullum, sati biyu ko uku. Kunne ya riga ya san kalmar, shi ke gyara ido. Kada wanga mutum ya auna saurinsa sai bayan nan, in ba haka ba za ya yanke ƙauna a banza.

Malam Sabi'u:
Madalla da wannan, Abdu. Ƙari kaɗan: bambancin rubutun Nijar da na Najeriya bai kai yadda ake zuzuta shi ba. An zauna a nan Yamai a 1980 don daidaita su, Nijar kuma ta fitar da tata ƙa'idar a 1999. Abin da mai karatu zai fi gani shi ne mu muna rubuta ƴ, su suna sa 'y. Wanda ya iya karanta ɗaya ya iya ɗayan. Tunda kundin mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, lokaci ya yi da masu sharhi za su sa madannin Hausa a wayoyinsu. Manhajar madanni ta Gboard tana da shi, a shiga saiti a ƙara harshe, ƙ da ɗ da ɓ su fito.

Ramatu Yantala:
Na gode ƙwarai. To ina ake samun littattafan Hausar? Masu baza littafi a ƙasa wajen Babbar Kasuwa na Faransanci sun fi yawa gare su, na makaranta musamman.

Abdu Ɗan Tawa:
Mafi yawan na labari daga Kano suke hitowa. Namu na nan ta Sakkwato da Illela da Ƙonni suke shigowa, wasu ta Maraɗi. Amma ku kula da abu guda kahin ku ba da saƙo. Tun shekarun 1980 marubutan Kano da kansu suke biyan maɗaba'a, sai su raba labari kashi biyu, uku, har huɗu, a sayar da na ɗaya a buga na biyu da kuɗɗinsa. In na ɗaya bai yi kasuwa ba, na ƙarshe ba ya hitowa, ko ya hito kaɗan ya ɓace. Don haka kada ƙungiya ta sayi kashi na ɗaya sai mai kawowa ya nuna cikon a hannu. Ku buɗe shahin ƙarshe ku gani, in an ce "mu haɗu a littafi na gaba", ku tambayi na gaban.

Sani Harobanda:
Ni ban ga abin wahala ba. Komai yana waya yanzu. A turo PDF a rukuni, kowa ya karanta, ba kuɗin mota ba gara.

Nana Hadiza:
Ƙanena, PDF ɗin wa? In marubuciya tana sayar da labarinta, mutum ɗaya ya biya ya watsa wa ɗari, ai an ci haƙƙinta. Kuma shi ne dalilin da da yawansu suka koma sakin labari shafi-shafi a rukunin kuɗi, su ja shi ya yi tsawo don kada a kwashe lokaci guda. Mu ne kuma muke dawowa muna kukan labari ya cika ja.

Sani Harobanda:
Yaya Hadiza ban ce a yi sata ba. Akwai na kyauta da yawa. Kuma masu sayarwa sukan sa lambar wakili a Nijar, a biya da sefa.

Mushe Lawali:
Waya tana da amfani in an san halinta. PDF iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauki hoton shafuka, shi yana da nauyi, yana cin megga, rubutun ba ya bin faɗin waya, sai kana ja da yatsa dama da hagu har ido ya gaji, kuma ba a iya neman kalma a ciki. Akwai wanda rubutu ne na gaske, mara nauyi. In an samu EPUB, wani nau'in littafin waya, ya fi duka, don ana ƙara girman baƙi layukan su daidaita da kansu. Manhajar ReadEra tana buɗe su duka, tana riƙe inda aka tsaya. Sauran sharuɗɗa biyu ne: a sauke littafin tukuna a kashe intanet, don saƙo ɗaya ya isa ya cinye mintoci 20 ɗin nan; kuma a ajiye kwafi a katin waya ko kwamfuta. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya, ta rufe a ƙarshen 2023, kuma littattafan Hausa da yawa a can ake sayensu a da. Abin da ke cikin manhajar wani ba naka ba ne.

Ramatu Yantala:
To mu dawo kan sharhi, nan ne ya fi damuna.

Malam Sabi'u:
Sharhi amsa ce ga mutum ɗaya: wanda ke riƙe da kuɗi ko lokaci yana shawara. In an tuna da shi sauran zai zo da sauƙi. Layi biyu na farko su ɗauki hukuncin, don Facebook yana yanke dogon rubutu, da yawa ba sa danna cikon. A ce ga irin littafin, ga wanda zai ji daɗinsa, ga wanda zai gaji da shi. Sannan bayanin da mai saye ke bukata: shafi nawa, kashi nawa, shekarar bugu, a ina ake samu, nawa aka saya, takardar fara ce ko irin ta jarida.

Labarin kansa kada ya wuce layi biyar, kuma kada a taɓa abin da ya faru bayan kashi ɗaya cikin uku na littafin. Yawancin abin da ake kira sharhi a nan maimaita labari ne daga farko har ɗaurin aure, wanda ya karanta ba ya bukatar littafin kuma.

Sai gundarin aikin: abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da ya gaza, kowanne da lambar shafi. "Zubin ya burge ni" ba magana ba ce. Amma in ka ce, a shafi kaza uwa da ƴarta sun yi magana ta shafi biyu ba wadda ta ambaci abin da ke ransu, kuma mai karatu ya gane komai, to ka nuna wa mutane inda za su duba. Haka in ka ce wanda aka gabatar matalauci a babi na biyu ya sayi mota a babi na biyar ba a faɗi inda kuɗin ya fito ba. Marubucin ma zai iya buɗewa ya gani. Kalma 300 zuwa 400 sun isa.

Hajiya Zeinabu:
Malam, da girmanka, amma ban yarda da fitar da aibin mutum a bainar jama'a ba. Marubutanmu nawa ne? Yarinya ta sha wahala ta buga littafinta na farko da kuɗin adashinta, sai a zo a tsiraita ta gaban dangin mijinta da ƙawayenta? Gobe ba za ta sake ɗaukar biro ba. A kira ta a gefe a gaya mata.

Malam Sabi'u:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarki na karɓa. Kuskuren rubutu, harafin da ya faɗi, shafin da aka maimaita, waɗannan a tura mata a asirce da lambobin shafi, ta gyara a bugu na gaba. Amma abin da ya shafi mai saye, kamar labarin da bai ƙare ba ko rabin littafi wa'azi ne aka liƙa, ɓoye shi cin amanar wanda zai fitar da kuɗinsa ne. Shi ma yana da haƙƙi. Kuma in duk littafi ya samu yabo iri ɗaya, ranar da na ƙwarai ya fito ba mai gaskata mu.

Hajiya Zeinabu:
To a bambanta littafin farko da na goma. Wanda ya daɗe yana bugawa ya iya ɗauka.

Nana Hadiza:
Wannan daidai ne Inna. Ga mai farawa, a zaɓi gazawa guda wadda gyaranta zai fi amfanarta, a bar sauran. Kuma ana magana a kan shafi, ba a kan mutum ba. "Babi na bakwai ya yi gaggawa" daban yake da "ba ta iya rubutu ba". Abin da na fi so a tsaurara a kansa shi ne wani daban: wanda aka ba shi littafi kyauta, ko aka tura masa kuɗin kati don ya yi talla, ya faɗa a layin farko. Ba laifi ba ne a karɓa, ɓoyewar ce laifi. In marubucin ɗan'uwanka ne ko abokinka, ka miƙa wa wani a ƙungiyar ya yi sharhin.

Sani Harobanda:
Taurari fa? Biyar cikin biyar, huɗu cikin biyar?

Malam Sabi'u:
A wurin da kowa ya san kowa, uku zagi ne, don haka kowa biyar yake bayarwa. Ku bar su. Tambaya ɗaya ta fi su: za ka saya da kuɗinka, ko aro ya isa, ko a wuce?

Mushe Lawali:
Lambar shafin da Malam ke nema ba ta zuwa daga ƙwaƙwalwa. Kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 100 ya isa shekara. Kowane littafi ya samu shafi biyu masu kallon juna. Hagu: suna, marubuci, ranar farawa da ta gamawa, sunayen mutanen labarin da dangantakarsu, don a littafi mai kashi uku sai ka manta wace ce kishiyar wa. Dama: lambar shafi da kalma biyar ko shida, ba jimla ba. Kada a tsaya rubuta dogon bayani ana tsakiyar karatu, yana yanke daɗin. A rubuta sharhin cikin kwana biyu da gamawa, in ya wuce sati abin da zai rage shi ne "ya yi daɗi".

Wanda littafi ya gundure shi kuma, ya ba shi shafi 50. In har nan bai san abin da babban mutumin labarin ke nema ba, ya ajiye, ya rubuta dalili a kaye. Amma kada ya yi sharhi kamar ya gama.

Ramatu Yantala:
Maganar kuɗi da aro fa? Nan ne zumunci ke lalacewa.

Abdu Ɗan Tawa:
Mutum goma, kowa dala ɗari (sefa 500) a wata, jika biyat (sefa 5,000) ke nan. Sabon littahin da anka shigo da shi daga Faransa shina iya cinye tarin wata guda shi kaɗai, don haka ku haɗa: wata guda na hannu da na Kano da yawa, wata guda sabo ɗaya. Mai riƙon kuɗɗi daban, mai riƙon akwati daban. Kowane littahi a ba shi lamba, a rubuta ta ciki da kuma gehen shahuna in an matse su, wadda ba ta yaguwa. Aro sati biyu, guda ɗaya, a sa hannu. Doka mafi girma: ba a miƙa wa wani daga hannu zuwa hannu, sai ya koma akwati an sake rubutawa. Duk littahin da ya ɓace, ta nan ya bi. Wanda ya ɓatar ya kawo irinsa, ba kuɗɗi ba, don kuɗɗin ba su sayo kashi na biyu shi kaɗai.

Ranar zama kuma kada ku mai da ita fadar shayi zalla. Awa guda da rabi: kowa ya karanta sakin layi guda da ya zaɓa da murya, ya hwaɗi dalili, sannan a buɗe gardama.

Nana Hadiza:
Kafin ku sayi na tarihi masu tsada ku leƙa ɗakin karatu na cibiyar Umaru Ganda. Masu son tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami kuma, IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, tana da sashen da ke ajiye dubbansu, amma can wurin bincike ne, ba a fita da su.

Malam Illiyasu mai ɗinkin littafi:
Salamu alaikum. An yi maganar akwati ba a faɗi inda za a ajiye shi ba. Na ƙarfe za ku nema, a ɗora kan bulo biyu, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Gara ta ƙasa da bango take hawowa cikin hanyar laka da take ginawa, in akwai tazara za ku ga hanyar kafin ta iso. A duba duk sati da damina. Busasshen ganyen dogon yaro cikin ƙyalle yana rage ƙananan ƙwari, amma ba ya tsayar da gara, kuma in bai bushe sarai ba shi zai kawo fumfuna. Kada a ƙulle littafi cikin leda a watan Agusta, laimar da ke cikin takarda ba ta da hanyar fita. Kada a bar shi a rana ko cikin mota: takardar jarida tana ja tana karyewa, mannen bayan littafi kuma ya saki.

Ƙananan na Kano da ƙusar waya ake haɗa su, tana tsatsa ta ci takarda, tsakiya ta fara zubewa. Ku cire ta tun littafin yana sabo. A buɗe tsakiya, a huda rami uku a kan lanƙwasar da basilla, ɗaya a tsakiya, biyu kamar yatsa uku daga sama da ƙasa. Zare mai kauri, a goga masa kyandir. A shiga ta ramin tsakiya daga ciki zuwa waje, a dawo ta na sama, a tsallake tsakiya a fita ta na ƙasa, a sake shigowa ta tsakiya. Bakin zaren biyu su rungumi dogon zaren da ke ciki, a ƙulla. Minti biyar ne.

Mai kauri da aka manne, in shafuka suka fara fita: a jera su daidai, a matse tsakanin katako biyu, bayan ya leƙo kaɗan. A yi tsaga mara zurfi da zarton ƙarfe duk bayan yatsa biyu, a kwantar da zare cikin kowace, a shafa farin kol (gam) na kafinta siriri, a ɗora ƙyalle mara kauri, a danne da nauyi kwana ɗaya cur. Ban da sikoc (tef mai manne), yana bushewa ya faɗi ya bar tabo mai maiƙo. Ban da kol mai kamawa nan take, yana ƙandarewa ya tsage. Ban da kokon fulawa, abincin kyankyaso ne.

Sani Harobanda:
Baba, wanda ruwa ya jiƙa fa? Ba a shanya shi a rana?

Malam Illiyasu mai ɗinkin littafi:
A'a ɗana, rana za ta murɗe shi. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke bi, shafuka a buɗe. In ya jiƙe sosai a kwantar, a sa farar takarda mara rubutu duk bayan shafi 20, a riƙa canzawa. Sai ya kusa bushewa a danne shi. Mai takarda mai santsi kuwa a raba shafukan tun suna jiƙe, in suka bushe a manne an gama. Littafin hannu da aka sayo daga ƙasa kada ya shiga akwati ranar: a kaɗe shi a waje, a ajiye daban sati biyu a kan farar takarda. In an ga gari-gari a ƙarƙashinsa, akwai ƙwaro a ciki.

Ramatu Yantala:
Allah ya saka da alheri. Hajiya Zeinabu, tunda ba ku gama daidaitawa da Malam ba, za mu so ke ki duba sharhinmu na farko kafin a saka, shi kuma ya duba lambobin shafi. Malam Illiyasu, basillar da zaren a kasuwar Katako ake samu ko sai ta Wadata?

Hajiya Zeinabu:
Ku turo. Amma in na farkon marubuciya ne, gazawa ɗaya kawai zan bari ta wuce.

Malam Illiyasu mai ɗinkin littafi:
Ko wajen mai gyaran takalmi na unguwarku akwai. Ki ce zaren ɗinkin takalmi mafi siriri, na auduga in da hali, na roba yana yanka takarda in aka ja da ƙarfi.